Bin sawun Vesta daga tsakar gida: littafin aikin hunturu

Asabar, 2 ga Disamba, 2023

Aikin da na ɗaukar wa kaina a hutun nan shi ne in nemo Vesta daga tsakar gidanmu da ke bayan garin Zariya, in riƙa auna inda take dare bayan dare, sannan in lissafo falakinta, wato hanyar da take bi tana kewaya rana, da awon hannuna. Amsar tana cikin littattafai tuntuni. Idan aka ɗauki nisan da ke tsakanin duniyarmu da rana, kilomita miliyan 150, a matsayin zango ɗaya, matsakaicin nisan Vesta daga rana zango 2.36 ne, kuma tana gama kewaye ɗaya cikin shekara 3.63. Abin da nake so in gani shi ne ko malamin lissafi na sakandare, mai madubin hangen nesa na hannu da kwamfuta mai ciwon batir, zai iya kai wa ga waɗannan lambobi ba da satar amsa ba.

Ga wanda bai san ta ba, Vesta dutse ce mai faɗin kimanin kilomita 525, tana cikin ɗamarar duwatsun da ke tsakanin Mirrihu da Mushtari, waɗanda yaran ajina suka fi sani da Mars da Jupiter. Duk cikin duwatsun ita ce ta fi haske in an duba daga nan, don fuskarta tana mayar da kusan kashi 40 cikin 100 na hasken da ya sauka a kanta. Ranar 21 ga watan nan duniya za ta gifta tsakaninta da rana. Hakan na faruwa ne bayan kowane wata goma sha shida da 'yan kai, kuma a lokacin ne ta fi kusa, ta fi haske, tana kwana a sama tun daga magariba har asuba.

Kayan aiki: madubi mai ido biyu, 10x50, manhajar Stellarium don taswirar taurari, littafin zane, fensir, tocila da na rufe bakinta da jar leda don kada ta kashe mini ido, da tabarma.

Asabar, 9 ga Disamba

Na fita ƙarfe goma da rabi. An ɗauke wuta a unguwa, kuma yau kam ban yi tsaki ba. Daga taurarin nan uku da ke jere na hau arewa, na wuce jan tauraron Betelgeuse, na isa wajen ƙafafun rukunin taurarin Gemini inda taswira ta ce Vesta tana nan. To, ga wuri na samu, amma wace ce ita? A cikin da'irar madubin akwai ɗige-ɗige sama da talatin, kuma babu wanda ya rataya allo. Dalilin da ya sa William Herschel ya raɗa wa irin waɗannan duwatsu sunan da ke nufin "mai kama da tauraro" a 1802 ke nan. Ido ba ya raba su.

Na zana duk abin da na gani. Ina zargin guda biyu.

Litinin, 11 ga Disamba

Ɗaya daga cikin biyun ta tashi daga inda na bar ta. Ta matsa yamma da kusan faɗin wata guda cikin kwana biyu, ɗayar kuwa tana nan daram. Na goge gilashi, na sake dubawa, na kwatanta da zanen shekaranjiya har sau uku. Ita ce.

Na shiga ɗaki na tashi uwargida don ta zo ta gani. Ta leƙa, ta ce, "Malam, wannan ɗan ɗigon ne ya hana ka barci sati guda?" Ta miƙo mini madubin ta koma.

Da na zauna sai Heinrich Olbers ya faɗo mini a rai, don shi ma ta wannan hanya ya same ta, sai dai shi babu wanda ya ce masa tana nan. Likita ne a birnin Bremen na Jamus, yana duba marasa lafiya da rana, da dare ya hau saman benensa inda ya girke madubansa. Ranar 28 ga Maris 1802 ya gano Pallas, wani dutsen ɗamarar, shekara guda da 'yan watanni bayan an gano na farkonsu, Ceres. Duniyoyi biyu ƙanana a wurin da ake tsammanin guda ɗaya babba, abin ya ɗaure masa kai, sai ya ce wataƙila wata duniya ce ta tarwatse, waɗannan ɓaraguzanta ne. Ya ƙara da cewa in haka ne, duk ɓaraguzan dole su riƙa dawowa ta inda fashewar ta faru, kuma hanyoyinsu za su haɗu a wurare biyu na sama, ɗaya wajen taurarin Virgo, ɗaya wajen Cetus. Karl Harding ya gano Juno a 1804 a kusa da ɗaya daga cikin wuraren, abin da ya ƙara wa Olbers ƙarfin gwiwa. Ya yi shekaru yana sintiri a waɗannan wurare biyu har ya haddace taurarinsu kamar yadda makiyayi ya san shanunsa, in baƙuwa ta shigo garke nan take zai gane. Daren 29 ga Maris 1807 baƙuwar ta shigo, a Virgo.

Abin dariyar shi ne hasashen da ya kai shi gare ta ba daidai ba ne. Babu duniyar da ta fashe. Duk duwatsun ɗamarar in an tara su ba su kai kashi 5 cikin 100 na nauyin watanmu ba, kuma fahimtar masana yanzu ita ce janyowar Mushtari ce ta hana su dunƙulewa tun farko. Ya bi hanyar da ba ta ɓullewa, ya kuma tsinci dami a kala. Daga nan sai da aka yi shekara 38 ba a sake gano wani ba, sai a 1845 da wani tsohon ma'aikacin gidan waya, Karl Hencke, ya gano Astraea.

Juma'a, 15 ga Disamba

Jiya da dare aikin Vesta ya sha ruwa, don taurari masu wutsiyar wuta sun yi ta zubowa daga wajen Gemini, ni da ɗan yayana muka kwanta a tabarma muna ƙirga har muka ɓata lissafi. Ƙurar wani dutse ne mai suna Phaethon da duniya ke ratsawa duk tsakiyar Disamba. Yau kuma hazo ya sauko. Ko Kaza da 'Ya'yanta da kyar nake gani.

Alhamis, 21 ga Disamba

Zanen fensir ya isa a gane ta, bai isa a yi lissafi da shi ba. Na je wajen wani tsohon ɗalibina mai ɗaukar hoton biki na roƙi aron kyamara da ƙafarta. Ya ce, "Malam, ai ko kyauta ka ce sai in ba ka, amma ranar Asabar da Lahadi ina da kamu da ɗaurin aure." Mun shirya a kan daren Litinin zuwa Alhamis, sauran kwanaki sai in ya samu sarari.

Hazon ya ɗan yi sauƙi. Sa'ar da muka yi a nan ita ce Vesta tana digiri 20 arewa da tsakiyar sama, mu kuma muna digiri 11 arewa da tsakiyar duniya, saboda haka wajen sha biyu da rabi na dare tana kusan tsakar ka, inda ƙurar ta fi sirara. Wahalar kuma ita ce wuya. Da madubin hannu sai a kwance rigingine, kyamarar kuwa sai da na durƙusa ƙarƙashinta kamar mai gyaran mota. Sanyi ya sa yatsuna sun ƙi jin maɓalli. Na ɗauki hoto ashirin, kowanne daƙiƙa biyu, shida suka yi kyau.

Na ɗora su a astrometry.net, wanda ke gane taurarin da ke cikin hoto ya gaya maka adireshin kowane ɗigo a sama. Yanzu ina da awo na farko da zan iya tsayawa a kansa. Daren nan tana nesa da mu da zango 1.58, kilomita miliyan 236 ko kusa da haka. Hasken da ya shiga kyamarar ya baro ta minti goma sha uku kafin in danna.

Asabar, 23 ga Disamba

Na ƙara awo ɗaya jiya, da ya bar mini kyamarar har Juma'a. Da awo biyu ana iya gwada lissafi mai sauƙi. A ɗauka falakin da'ira ce cikakkiya. Duniya na gudun kilomita 30 a daƙiƙa, duk abin da ya fi mu nisa da rana kuma ya fi mu nawa, shi ya sa muke wuce Vesta kamar yadda mota ke wuce amalanke, a ga kamar tana komawa baya. Daga saurin komawarta bayan, wanda na auna kusan kwatan digiri a kwana, sai a nemo nisan da zai ba da wannan sauri.

Na samu 2.35.

Na tashi na zaga tsakar gida sau biyu. Littafi ya ce 2.36. Awo biyu, lissafin da ɗan aji biyar zai iya, kuma ga ni a bakin ƙofa.

Lahadi, 24 ga Disamba

Murna ta koma ciki. Da na natsu na tuna 2.36 matsakaici ne. Falakin Vesta siffar ƙwai gare shi, tana matsowa har zango 2.15, tana nisanta har 2.57, kuma a 'yan watannin nan tana can ƙarshen nesa. Nisanta na gaskiya a daren da na auna wajen 2.56 ne. Wato na yi kuskuren kilomita miliyan talatin. Abin da ya faru shi ne a can nesa tana tafiya a hankali fiye da yadda mai bin da'ira zai yi, wannan ya ƙara saurin komawarta baya a idona, lissafina kuma ya fassara saurin da cewa ta fi kusa. Kuskuren ya ja amsar ƙasa har ta faɗa daidai kan lambar da nake fata. Da ban san amsar littafi ba da ban yi murna ba, kuma da ban san sauran lambobin ba da na rufe aikin jiya ina bugun ƙirji.

Na bar 2.35 ɗin a shafin, na ja masa layi da jan biro.

Talata, 26 ga Disamba

Wata ya kusa cika, ya zo ya zauna kusa da inda take. Babu aiki.

Laraba, 3 ga Janairu, 2024

Yanzu aikin gaske. Falaki mai siffar ƙwai lambobi shida ne ke bayyana shi: girmansa (wato matsakaicin nisan dutsen daga rana), yawan miƙewarsa, karkatarsa, inda ya yanki hanyar duniya, inda ya fi kusa da rana, da inda dutsen yake a kansa a wani lokaci sananne. Kowane awo lambobi biyu yake ba ka, gabas-yamma da kudu-arewa. Nisa kuwa hoto ba ya faɗa. Awo uku, lambobi shida, ga shida da ake nema. A takarda abin ya tashi daidai.

Wanda ya fitar da hanyar shi ne Carl Friedrich Gauss, kuma matsala ce ta tilasta. Giuseppe Piazzi ya ga Ceres a Palermo ta tsibirin Sisili daren 1 ga Janairu 1801, a cikin taurarin Taurus, inda Vesta ta shiga a 'yan kwanakin nan. Ya bi ta har 11 ga Fabrairu, awo 24, sai rashin lafiya ta kwantar da shi, daga baya kuma ta shige cikin hasken rana. Duk tafiyar da ya gani ba ta wuce digiri uku ba. Masana suka rasa inda za su neme ta. Gauss yana ɗan shekara 24 ya ɗauki awon Piazzi ya lissafo hanyarta, Franz von Zach ya duba inda aka nuna masa a Disambar shekarar, ya same ta. Saboda haka da Olbers ya gano tasa ta biyu a 1807, sai ya aika wa Gauss awon, shi ya lissafa falakin cikin sa'o'i goma, shi ne kuma Olbers ya bar wa zaɓen suna, ya zaɓi Vesta, abar bautar Rumawa ta murhun gida.

Sa'o'i goma da alƙalami da teburin logarizim. Ni kwana huɗu na yi ina rubuta wa kwamfuta matakan da yaren Python, ina ɗauko matsayin duniya na kowane dare daga JPL Horizons, shafin intanet na NASA da ke ba da matsayin duniyoyi da duwatsun sama. Na zuba awon 11 ga Disamba na zane, da na 21, da na jiya. Kwamfuta ta ce Vesta ba ta kewaya rana ma sam, wucewa take yi za ta bar mu har abada.

Talata, 9 ga Janairu

Na kama ɓarawo ɗaya. Sandar da duniya ke juyawa a kanta tana layi a hankali kamar katantanwar yara in ta fara gajiya, tana cika zagaye cikin shekara kusan 26,000. Wannan na sa adireshin taurari ya riƙa zamewa da kusan sakan 50 na kusurwa a shekara (digiri ɗaya sakan 3,600 ne). Don haka masana suka tsayar da shekarar 2000 a matsayin ma'auni. Hotunana da ma'aunin 2000 aka karanta su. Awon zanen fensir kuwa na karanto shi daga Stellarium a layin da ke ba da adireshin yau. Shekara 24 sau 50, ya tashi sulusin digiri, fiye da tafiyar Vesta ta kwana guda. Na haɗa mudun Kano da na Zariya a buhu ɗaya, ina mamakin me ya sa lissafi bai fita ba.

Na gyara, na kuma yanke shawarar ajiye awon fensir gaba ɗaya. Ya yi aikinsa.

Daren yau sama ta yi wasai. Tana fili ɗaya da Zeta Tauri, tauraron da ke bakin ƙahon kudu na Taurus, ba sai an sha wahalar nema ba. Ta ɗan dushe idan aka kwatanta da makonni uku da suka wuce.

Asabar, 20 ga Janairu

Ɓarawo na biyu ba kuskurena ba ne, halin lissafin ne. Na gwada awon 21 ga Disamba, 2 da 9 ga Janairu, na samu girman falaki 2.9. Na canja na tsakiya da wani hoton da na ɗauka a dare guda, bambancinsu bai kai a ce komai ba, amsa ta koma 2.1.

Na kwana biyu ina bin lissafin layi-layi kafin in ga inda yake. Hanyar Gauss tana samo nisa ne daga yadda awon tsakiya ya kauce daga miƙaƙƙen layin da ya haɗa na farko da na ƙarshe. A cikin lissafin ana rabawa da wata lamba da ke auna wannan kaucewa. In tafiyar gajera ce, kuma kusan a miƙe take, lambar tana dab da sifili, kuma duk wanda ya koyar da rabawa ya san abin da ke faruwa in ka raba da abin da ya kusa zama babu: ƙaramin kuskure a sama sai ya zama dutse. Kuskuren hotunana ya kai rabin minti na kusurwa, wato kashi ɗaya cikin sittin na faɗin wata. A ido ba komai ba ne, a nan kuwa shi ne komai.

Sai yanzu na ga an tauye wa Piazzi haƙƙi a yadda ake ba da labarin. Kullum Gauss ake yabo, kuma ya cancanta. Amma da irin awona aka miƙa masa da har yau ana neman Ceres. Piazzi yana da da'irar awo ta tagulla mai faɗin ƙafa biyar da Jesse Ramsden ya ƙera a Landan, kuma ya shafe shekaru yana auna taurari ɗaya bayan ɗaya don kundinsa. Kuskurensa na 'yan sakan-sakan ne. Ni da kyamarar zamani da intanet ban kama ƙafarsa ba.

Magani biyu ne: ko awo ya ƙara kyau, ko tafiya ta ƙara tsawo. Na farko sai da kuɗi. Na biyu haƙuri kawai yake so.

Litinin, 29 ga Janairu

Na kai hotunan aji. Wata yarinya a layin baya ta ce, "Malam, to in ɗigo ne kawai, ta yaya aka san dutse ce?" Na ji daɗin tambayar. Na gaya musu kumbon Dawn na Amurka ya kewaye ta daga Yulin 2011 zuwa Satumban 2012, ya ɗauko hoton wani rami a kudancinta, Rheasilvia, mai faɗin kusan kilomita 500, kusan faɗin ita kanta Vestar, da tsauni a tsakiyarsa da ya ninka Everest fiye da sau biyu. Karon da ya haƙa ramin ya watsa ɓaraguzai, wasu suka faɗa wani wuri a ɗamarar, wajen zango 2.5, inda janyowar Mushtari ke karkatar da duk abin da ya shiga, daga nan wasunsu suka iso duniya. Dutsen da ya faɗo a Bilanga ta Burkina Faso a Oktoban 1999 yana cikin irin da masana ke dangantawa da Vesta.

Wani ya ce ya ji an ce dutse ya taɓa faɗowa a ƙasar Katsina. Na ce ƙwarai, a Zagami, a 1962, amma shi daga Mirrihu ya zo. Aka buga ƙararrawa muna kan wannan, darasin da na shirya bai samu shiga ba.

Litinin, 12 ga Fabrairu

Jiya unguwa ta yi tsit bayan Kwaddibuwa ta ci mu biyu da ɗaya a wasan ƙarshe. Na fita da kyamara, tunda mai ita ya bar mini tun yamma, ba ya cikin halin aiki.

Vesta ta daina komawa yamma. A makon da ya wuce ta yi kamar ta tsaya cik, yanzu ta fara juyowa gabas, don mun riga mun wuce ta mun sha kwana. Wannan lanƙwasa nake jira tun Janairu. Na ɗauki awon 21 ga Disamba, na 16 ga Janairu da na jiya, kwana 52 tsakanin na farko da na ƙarshe, na kuma cire mintunan da haske ke yi a hanya daga lokacin kowanne.

Girman falaki 2.39. Miƙewa 0.10, littafi ya ce 0.09. Karkata digiri 7.1, daidai da littafi. Ta dokar Kepler ta uku, a ninka 2.39 sau uku a cikin kansa a ɗauki tushensa, shekararta ta fito 3.7.

Ban zaga tsakar gida ba wannan karon, na tuna 23 ga Disamba. Na canja awon tsakiya da wasu uku daban-daban, amsa ta yi yawo tsakanin 2.33 da 2.42, ba ta yi tsalle irin na da ba. Ina da awo goma sha ɗaya a ajiye kuma uku kawai hanyar ke ci a lokaci guda. Mataki na gaba shi ne in sa duka su yi aiki tare, a nemo falakin da ya fi rage jimlar kurakurai, dabarar da ita ma Gauss ya bayyana a littafinsa na 1809. Ban fara rubuta wannan ba.

Kafin nan akwai gwajin da ya fi kwatanta lamba da littafi. Daga falakina na lissafo inda ya kamata Vesta ta kasance ƙarfe tara na daren Asabar 9 ga Maris, lokacin babu wata. Na rubuta a takarda, na sa a ambulan, na liƙe, na ba yarinyar nan ta layin baya ta ajiye. Ban duba Horizons ba, kuma na cire Vesta daga Stellarium don kada ido ya yi sata. In na same ta cikin faɗin wata guda daga inda na ce, na karɓa.

Matsalar da ta rage ita ce kyamara. Azumi na tafe wajen 11 ga Maris, kowa na son ya ɗaura aure kafin a ga wata, kuma mai ita ya ce Asabar ɗin nan biki uku gare shi. Ya ce in ya tashi da wuri zai kawo mini da kansa. Na lissafo matsayin daren Litinin 11 ga wata ma, na sa a ambulan na biyu.